Garkuwa Kafin Ta Zama Sunan Laifi: Makaman Gargajiya a Iyakar Gwandu da Kabi

Idan aka ambaci kalmar garkuwa a gaban matashin da aka haifa bayan shekarar 2000, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne daji da kuɗin fansa. Ma'aikacin lafiya zai tuna da garkuwar jiki, bafade kuma ya tuna da sarautar da ake naɗa wa attajirai da 'yan siyasa. Kaɗan ne za su tuna da abin da ya haifi kalmar: faffaɗar busasshiyar fata mai nauyi wadda mayaƙi yake riƙewa da hannun hagu domin ta karɓi kibiyar da aka nufo ƙirjinsa da ita. Daga nan ma'anar yau ta samo asali, domin wanda ya yi garkuwa da mutum ya mayar da shi abin kāre kai ne, ya sa shi a gaba don kada a taɓa shi.

A ƙasar Kabi, wato jihar Kebbi ta yau, garkuwa ta asali ta yi aiki na tsawon ƙarnoni, kuma aikinta ya fi tsananta a ƙarni na 19, lokacin da Gwandu da Argungu suka shafe fiye da shekara hamsin suna fafatawa a kan fadama guda. Tunda yanzu manyan jami'ai sun koma gaya wa mutanen karkara su tashi su kāre kansu, ya dace a san da me kakanninsu suka kāre kansu, da yadda makaman suke aiki, da kuma abin da ya tsaya a bayan makaman har suka yi amfani.

Diggi a bakin daga

Diggi gari ne a ƙaramar hukumar Kalgo, cikin masarautar Gwandu, a gefen babbar fadamar Gulbin Kabi. Wanda ya san shi yau ya san shi da noma, musamman shinkafa, kamar sauran garuruwan bakin fadamar. A watan Yunin 1853 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya bi ta garin a kan hanyarsa daga Gwandu zuwa Sayi a bakin Kwara. Ya ratsa Birnin Kebbi, ya bi ta Kola da Diggi, ya ƙetare fadama zuwa Zogirma. Ƙasar da ya gani ƙasa ce da ke cikin ɗar-ɗar. Garuruwa a kewaye suke da ganuwa, hanya ba ta biyuwa sai da shiri, kuma daga Zogirma zuwa yamma sai da ya nemi 'yan rakiya.

Dalilin wannan fargaba yana da tsawon tarihi. Kabi ta kafu a matsayin daula mai cin gashin kanta ne a wajajen 1516, lokacin da Kanta ya yi wa Askiya Muhammadu na Sanwai tawaye, ya gina birninsa a Surame. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice, Gwandu ta zama mazaunin jama'ar Shehu, daga baya kuma hedikwatar yammacin daular. Kabawa ba su sallama ba. An kashe Hodi a 1826, an kashe Karari a 1831, aka tsare ɗansa Yakubu Nabame a Sakkwato shekara da shekaru. A 1849 Nabame ya koma gida ya ɗaga tutar tawaye, Arawa da Dandawa da Zabarmawa suka mara masa baya. Shekara huɗu ke nan da fara wannan yaƙi lokacin da Barth ya iso, kuma garuruwa irin su Diggi da Zogirma da Tilli suna kan layin da mahara ke bi.

Fatar da ke karɓar kibiya

Garkuwar Hausa aikin dukawa ce, kuma darajarta tana ga dabbar da aka feɗe. Wadda ta fi kowace suna ita ce ta fatar warwaji, wata farar dabbar sahara mai dogayen ƙahoni, har sunan dabbar ya zama sunan garkuwar. Fatarta tana da tauri ba tare da nauyin da zai gajiyar da hannu ba, shi ya sa Abzinawa suka riƙe ta, daga wurinsu kuma take gangarowa kasuwannin ƙasar Hausa. Akwai ta fatar raƙumin dawa, da ta ɓauna, da ta giwa. Wanda ba shi da hali ya yi da fatar sa. Girma ma ya bambanta. Kutufani da kwangwara manya ne, suna iya rufe mutum tun daga kafaɗa har ƙasan gwiwa, kunkeli kuwa ƙarama ce mai da'ira, ta mai son saurin juyi.

Ana jiƙa fatar, a miƙe ta, a bar ta ta bushe har ta yi ƙarfi kamar katako, sannan a ɗaura mata mariƙi ta ciki. Sau da yawa akan liƙa mata layu, domin a tunanin mayaƙin wancan zamani kariya hawa biyu ce, ta fata da ta asiri, kuma 'yan tauri na yau gādon wannan tunani suke ɗauke da shi. A fagen fama masu manyan garkuwoyi ne ke shiga gaba, su jeru kafaɗa da kafaɗa, 'yan baka su fake a bayansu suna harbi. Idan aka zo cin gari mai ganuwa, a ƙarƙashin inuwar garkuwa ake matsawa kusa da ƙofa. Saboda haka garkuwa makamin jama'a ce tun asali. Mutum ɗaya da garkuwarsa a fili, in aka kewaye shi, bayansa a buɗe yake.

Wani abin lura shi ne dabbobin da suka ba da fatar sun riga garkuwar ɓacewa daga wannan yanki. A shekarar 2000 aka ayyana cewa warwaji ya ƙare a daji baki ɗaya, sai daga 2016 aka fara mayar da waɗanda aka kiwata zuwa ƙasar Chadi. Raƙuman dawan Afirka ta Yamma kuwa, mafi yawan ragowarsu suna yankin Kure na Jamhuriyar Nijar, a ƙasar Zabarmawan da suka taya Nabame yaƙi. Ko da wani baduku a Kalgo ya so ya farfaɗo da sana'ar kakansa yadda take, ba zai sami fatar ba.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, aka fara kawo garkuwoyi daga Nupe, tare da bindigogi. Ba yana nufin kafin nan Hausawa ba su san garkuwa ba. Abin da yake nunawa shi ne makami haja ne tun da daɗewa, yana bin hanyar fatauci, kuma sarkin da ya riƙe hanya shi ke riƙe da makami.

Baka da dafi

Abin da garkuwa take tsoro, kuma dalilin samuwarta, shi ne kibiya. Baka makamin talaka ne: itace mai lanƙwasa, tsirkiya ta fata, kwari a rataye a kafaɗa. Kibiyar ƙasar Hausa ba ta da gashin tsuntsu a gindi. Kyauro ne siriri aka dasa masa kan ƙarfe mai kunnuwa, yadda in ta shiga jiki ba ta fita sai an yanka. Ba ta da nisan tafiya sosai, ba ta kuma da ƙarfin huda fata mai kauri, amma ba ta bukatar ko ɗaya, saboda dafin da ke kanta. Tushen dafin shi ne 'ya'yan kwankwani, wani tsiro mai yaɗo wanda sinadarinsa ke tsayar da bugun zuciya. Akan dafa shi da wasu itatuwa masu guba, kowane gidan maharba da irin haɗinsa da yake ɓoyewa, da kuma makarin da yake tanada. Ƙwarzane kaɗan ya isa. Wannan ne ya sa mayaƙi ya gwammace ya ɗauki garkuwar da za ta rufe shi duka, ko da za ta rage masa sauri.

Tarihin jihadin kansa da baka ya fara. A Tabkin Kwatto, cikin watan Yunin 1804, rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta zo da barade masu lifidi da taimakon Abzinawa, jama'ar Shehu kuwa dawakansu ba su wuce ashirin ba. 'Yan baka ne suka tsaya suka karya harin dawakin, kuma Malam Abdullahi, wanda daga baya Gwandu ta zama tasa, shi ne jagoran rundunar a ranar. Bayan shekara hamsin, a 1854, kibiya ce ta yi ajalin Yakubu Nabame. Makamin da ya kafa daular shi ne ya kashe babban mai yi mata tawaye, kuma a tsakanin waɗannan shekaru babu wani canji na a zo a gani da aka yi wa ƙirarsa.

Sauran kayan dakaru sanannu ne: mashi na jifa da na suka, asigiri mai mariƙin ƙarfe, gatari, barandami, kulki, da wuƙar da ake ɗaurawa a damtse. Yawancinsu maƙeran gari ne ke ƙera su daga tamar da aka narka a gida, kuma da yawa daga cikinsu kayan gona ne da na farauta da aka juya musu aiki.

Lifidi da laka

Doki shi ne makamin masu mulki. Barde yana rataye takobi a kafaɗa da hamila, miƙaƙƙe mai kaifi biyu. Barth ya ƙiyasta cewa Kano kaɗai tana shigo da ruwan takobi kusan 50,000 a shekara, mafi yawa daga Solingen ta Jamus, maƙeran gida su yi musu ƙota, dukawa su yi musu kube. Sulke, rigar da aka saƙa da ƙananan zobban ƙarfe, ta hamada yake zuwa daga Masar da ƙasashen Larabawa, yana da tsada ƙwarai, shi ya sa ya zama kayan gādo da kyautar sarki. Lifidi kuwa a gida ake ɗinka shi: yadi ne ake cusa wa audugar rimi a ɗinke shi gida-gida, a rufe doki da shi tun daga wuya har gindi, mahayin ma ya sa nasa, ya ɗora kwalkwali a ka. Littafin tarihin Kano ya danganta shigowar lifidi da sulke da kwalkwali ga Sarki Kanajeji, a farkon ƙarni na 15.

A hakikanin gaskiya lifidi garkuwa ce da aka ɗinka ta zama riga. Kibiya takan maƙale a cikin audugar ba ta kai ga fata ba, don haka 'yan lifidi ne ake turawa su fasa sahun 'yan baka. Amma yana da aibi uku da kowane maharbi ya sani. Yana da nauyi, har sai an ɗora mahayi a kan doki, in kuwa ya faɗo da wuya ya tashi da kansa. Yana kama wuta, shi ya sa ake harba masa kibiya mai wuta. Sannan ba ya shiri da ruwa.

Aibi na ukun nan shi ne ya tsara yaƙin Gwandu da Kabi. Fadamar Gulbin Kabi tana cika da damina, ta bar laka da tafkuna har cikin rani. Kabawa mutanen ruwa ne, masunta da manoman shinkafa, sun san mashigi, sun san inda ƙasa ke cin ƙafa. Rundunar dawaki mai nauyi, wadda za ta share fili a ƙasar Katsina ko Zamfara, a nan sai ta zama abin tausayi. A 1860 Sarkin Gwandu Haliru ya fita yaƙi zuwa Karakara, Kabawa suka yi masa kwanton ɓauna. Yadda masana tarihi suka ruwaito, an tura rundunarsa cikin fadama, dokinsa ya kafe a laka, a nan aka kashe shi. Bayan wannan ne sarakunan Gwandu suka mayar da zamansu Ambursa domin su fuskanci Argungu da kyau. A 1892 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya haɗa babbar runduna ya nufi Argungu, Sarkin Kabi Sama'ila, wanda aka fi sani da Sama, ya kore ta. Har Turawa suka iso ba a ci Argungu ba.

Bindiga fa? Tana nan, amma ba ita ke yanke hukunci ba. Baturen Ingila Hugh Clapperton, wanda ya ga yadda rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye Gobirawa a Konya a 1826, ya ƙiyasta mayaƙan da dubun dubata, amma bindigogin da ya ƙirga ba su kai hamsin ba. Bindigar lokacin 'yar ɗure ce, harbi ɗaya sai a tsaya a sake ɗura albarushi, kuma kafin a gama ɗurin ƙwararren ɗan baka ya saki kibau da dama. Sai a ƙarshen ƙarnin ne wasu sarakuna suka tara 'yan bindiga masu yawa, yawancinsu bayin sarki, saboda ba a son makamin ya faɗa hannun da ba a riƙe da shi.

Abin da ke bayan makamin

A nan ne masu kiran a koma ga jaruntakar kakanni suke yin tsallake. Garkuwa da baka ba su taɓa tsare gari su kaɗai ba. Gari yana da ganuwa, a bayanta akwai gwalalo, a bayan gwalalo akwai sarƙaƙiya da aka bari ta yi duhu don ta tsayar da doki. Gyaran ganuwa aikin gayya ne na wajibi, kowace unguwa da rabonta. Ƙofa tana da sarkinta, ana rufe ta da faɗuwar rana. Akwai masu tsaron hanya da ke kawo labari, akwai tambari da kuge da ke tara mutane. Daular Sakkwato ta kafa ribaɗi a kan iyakoki, wato garuruwan da aka zaunar da mutane musamman don tsaro, aka ba su gona da malami da shugaba.

Sama da duka akwai sarauta. Sarkin Baka yana da 'yan bakansa, Sarkin Lifidi yana da nasa, Ubandawaki da Barde da Sarkin Yaƙi kowa ya san wanda yake amsa wa, a Argungu kuma akwai Kunduda. Sulke da lifidi da doki sau da yawa na sarki ne, shi ke bayarwa, shi ke karɓewa. Ganima tana da ƙa'idar rabo, kuma malaman jihadi, musamman Malam Abdullahi, sun yi rubutu mai yawa a kan wanda ya halatta a yaƙa da wanda bai halatta a taɓa ba. Ba a ce an bi ƙa'idojin kullum ba. Malam Abdullahi da kansa ya kosa da yadda ya ga son duniya ya shiga rundunar, har ya bar ta ya nufi gabas, sai a Kano aka shawo kansa ya dawo. Kuma kada a yi wa zamanin kwalliya: yaƙin Gwandu da Kabi yaƙi ne na ƙona garuruwa da kama bayi, kuma talakan bakin fadama, ko na wane ɓangare ne, shi ya fi kowa biyan kuɗinsa. Duk da haka, mai riƙe da makami yana da wanda zai tuhume shi, kuma makamin da ke hannun mahari bai fi wanda ke hannun mai gari nisa ba. Daidaiton nan ne ya sa ƙaramin gari mai ganuwa yake iya tsayawa har taimako ya iso.

Hutun da yankin ya samu ma ba makami ne ya kawo shi ba. A 1867 aka ƙulla sulhun da ake kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga. Gwandu ta amince da 'yancin Argungu, kowane ɓangare ya riƙe garuruwan da ke hannunsa. Shekara takwas aka yi ana noma da fatauci, kafin rikici a kan garin Fana ya rushe yarjejeniyar a 1875. Cikakken sulhu sai a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa bikin kamun kifi, wanda shi ne ya zama bikin da duniya ta sani yau.

Akwai wata al'umma a nesa da ta bi irin wannan hanya, kuma kwatanta su yana da amfani. Mutanen Kalinga suna zaune a tsaunukan arewacin tsibirin Luzon na ƙasar Filifin. Garkuwarsu, wadda ake kira kalasag, ta katako ce marar nauyi, doguwa, an ɗaure ta da igiyar kara, tana da ƙahoni uku a sama da biyu a ƙasa. Abokan tafiyarta su ne mashi da wani gatari mai faɗin baki, domin a da ƙauyukansu suna kai wa juna harin ɗaukar fansa har da sare kai. Yau kalasag ta koma kayan rawa da tambarin hukuma, kamar yadda lifidi ya koma kayan hawan salla. Abin da ya rayu yana aiki shi ne bodong, yarjejeniyar zaman lafiya tsakanin ƙauye da ƙauye, wadda kowane ɓangare yake da mutum guda sananne da ya ɗauki nauyinta, kuma shi za a tuhuma in wani nasa ya karya ta. A shekarun 1970, da gwamnatin Markos ta so gina madatsun ruwa a kogin Chiko waɗanda za su nutsar da ƙauyuka da gonaki, da bodong dattawan yankin suka haɗa kan ƙabilu. Sojoji sun kashe jagoransu, Macli-ing Dulag, a ranar 24 ga Afrilun 1980, amma a ƙarshe an yi watsi da aikin.

Ranar da fata ta daina amfani

Turawa sun shirya wa zuwansu tun kafin su iso. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, alhali rundunonin mulkin mallaka suna ɗauke da su. A ranar 15 ga Maris 1903, a filin Giginya da ke wajen Sakkwato, barade da dakaru suka fuskanci bindiga mai sarrafa kanta ta Maxim da igwa. Kafin rana ta take an gama. Harsashi ba ya sanin warwaji daga fatar sa, kuma lifidin da ke tsare kibiya sai ya zama nauyin banza.

Bayan shekara uku aka ga abin da makamin talaka zai iya da abin da ba zai iya ba. A ranar 14 ga Fabrairun 1906 mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, ɗauke da gatura da fartanya da baka, suka afka wa rundunar sojan doki ta Turawa kafin ta gama shiri. Suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin, suka ƙwace bindigar Maxim. A ranar 10 ga Maris Gwamna Lugga ya turo runduna mai ƙarfi, aka kashe mutane kimanin 2,000, aka shafe garin. Girgizar ta kai Gwandu, inda Turawa suka tuɓe sarki bisa zarginsa da goyon bayan masu tawayen. Nasarar farko ta zo ne daga mamaya da ƙarfin zuciya, kuma ba ta maimaitu ba.

Daga nan makaman suka rabu gida biyu. Na sarauta suka shiga adana: wanda ya je Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958, zai ga masu da takubba da bakuna da tsofaffin bindigogi da tambura. Na talaka kuwa suka koma daji wurin maharba, suka zauna a can har rashin tsaro ya sake kiran su.

Gādon da ya rage a hannun 'yan sa-kai

A watan Maris na 2022 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba na masarautar Zuru, suka kashe fiye da 60. A watan Nuwamban 2024 Lakurawa suka kore shanu a Mera, cikin ƙaramar hukumar Augie ta masarautar Argungu. Mutanen gari suka bi sawu kamar yadda kakanninsu za su yi, aka kashe aƙalla 15 daga cikinsu. Babu mai shakkar jaruntakar waɗannan mutane. Amma lissafin a fili yake: bindigar AK-47 tana ɗaukar harsashi 30 a gida ɗaya, tana kashewa daga nisan mita 300, mai ita kuma yana kan babur. Wanda ya fito masa da bindigar toka da adda da laya ya fi Bakaben 1860 rauni nesa ba kusa ba, domin Bakaben yana da ganuwa, yana da fadamar da ke cin dokin abokin gaba, kuma kibiyarsa daidai take da ta wanda ya zo masa.

Ɗaya matsalar ita ce ta wanda za a tuhuma. A Zamfara, kisan da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba yana cikin abubuwan da masu bincike suka nuna sun rura wutar da ake ciki, har gwamnatin jihar ta sha haramta ƙungiyar. Su kansu Lakurawa, bincike da rahotanni sun nuna cewa da farko wasu al'ummomin Tangaza da Gudu a jihar Sakkwato ne suka karɓe su domin su kāre su daga ɓarayin shanu. Waɗanda aka ɗauko a matsayin garkuwa su ne suka koma karɓar zakka da bulala, har wata babbar kotun tarayya ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda a farkon 2025. Jihohin Katsina da Zamfara da Sakkwato sun yi ƙoƙarin cike wannan giɓi ta hanyar kafa rundunonin tsaron al'umma a 2023 da 2024, da albashi da kaki da shugabanci, abin da ya fi kusa da tsohon tsarin Sarkin Baka da mutanensa. Sai dai makamin da doka ta yarda su riƙe bai kai na waɗanda ake tura su fuskanta ba.

Dokar ita ce inda maganar take cijewa. Sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati, sashe na 214 kuma ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta tarayya. Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa su kashi uku: na yaƙi, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, na kai, irin su bindigar farauta ta zamani, waɗanda ke hannun Sufeto Janar, da 'yan ɗure irin bindigar toka, waɗanda kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba wa lasisi. Baka da kibiya da mashi ba sa bukatar lasisi, amma dokar fashi da makami ta 1984 ta ambace su da suna a cikin muggan makamai, tare da adda da wuƙa da kulki. Ke nan abin da aka bar wa manomin Diggi ko na Mera cikin sauƙi shi ne daidai abin da kakansa ya riƙe a zamanin Sarkin Gwandu Halilu, ban da garkuwar.

A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ƙarƙashin Bello Matawalle ta umarci jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga don kāre kansu, ta ce za ta raba takardun nema ta hannun masarautu. Cikin kwanaki kaɗan kwamishinan 'yan sandan jihar ya ce dakatarwar da aka yi wa ba da lasisi tana nan ba a ɗage ta ba, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, kuma ya ce gwamna ba shi da hurumin ba da irin wannan umarni.